Jakar 'Yar Tsallake

A otal ɗin nan mai hawa huɗu, ma'aikaci ba ya fita ta ƙofar baƙi. Tasa ƙofar tana baya, kusa da inda ake tara shara, kuma a bakinta akwai teburin ƙarfe da aka tokare ƙafarsa ɗaya da guntun katako. Ƙarfe biyar na yamma in an tashi, kowa zai ɗora jakarsa a kai ya buɗe, maigadi ya leƙa. Kuku ya buɗe, masu gyaran ɗakuna su buɗe, har akawu mai takalmi ƙwas-ƙwas sai ya buɗe. Jaka ɗaya ce tak ba a taɓa zuge zif ɗinta a kan teburin nan ba, ita ce jakar Uwar Sito.

Uwar Sito ita ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye zannuwan gado da tawul da rigunan filo da sabulai, shekara goma sha ɗaya ke nan. Maigadin kuwa kawunta ne, yayan mahaifiyarta ciki ɗaya. Shi ya ɗauko ta daga tsallaken kogi tana 'yar shekara tara bayan rasuwar uwarta, shi ya sa ta makaranta, shi ya yi ta zarya har aka ɗauke ta aiki. In ta iso teburin sai ya bubbuga jakar da bayan hannu ya ce, "Wuce, 'yar ƙanwata." An taɓa yi masa ƙorafi a kai, ya ce ranar da ya buɗe jakar yarinyar nan, to a ce ya daina sanin kansa. Ta yi aure, ta haifi uku, amma har yau yarinya ce a bakinsa. Ita kuma kullum tana zuwa masa da abincin rana a kula. Da azahar ya ɗingiso zuwa ƙofar sito ya karɓa, da yamma ya mayar mata da kular a wanke.

Mutanen tsallaken kogi ba su kashe zomon kowa ba. Talauci ne ya koro su birni, suka zo da harshensu mai jan ƙarshen magana kamar ana jan guga daga rijiya, sai 'yan birni suka liƙa musu halin ɓera. Wa ya fara faɗa, wa aka kama da me, babu wanda zai iya gaya maka. Kawu bai taɓa damuwa ya gyara bakinsa ba, yadda ya zo da shi haka yake magana. Ita kuwa Uwar Sito tun tana makaranta ta goge harshenta tas, har in ba an gaya maka ba, ba za ka ce ta taɓa shan ruwan kogin nan ba. Makullin da ke rataye a wuyanta da baƙar igiya shi ne shaidarta. Duk wanda ya ce 'yan tsallake ɓarayi ne, ba ta musu da shi, sai dai ta ɗan taɓa igiyar.

Sai aka kawo Manaja, shekara uku da suka wuce. Allah ya raba mu da shugaban da ke ganin Allah ya yi masa baiwar ban dariya. Gajere ne mai yawan turare, yana fara ƙyaƙyatawa tun kafin ya kai ƙarshen labarinsa, sannan ya bi fuskoki da kallo ya ga wa bai dara ba. Kowace Litinin da safe yakan tara ma'aikata a ɗakin cin abincinsu, a yi maganar aiki ta minti goma, sauran kuwa na 'yan tsallake ne.

"Kun san me ya sa ɗan tsallake ba ya tafi a taro? Tsoro yake kada abin da ke hammatarsa ya faɗo."

A kwashe da dariya. Wata Litinin ɗin ya ce ɗan tsallake in ya gaishe ka da hannu biyu ba ladabi ba ne, ɗayan agogonka yake aunawa. A sake darawa. Uwar Sito ma tana yaƙe haƙora, don kowa ya san wanda bai dara ba ranar Litinin, shi zai kwana da aikin ranar hutu. Kawu yakan tsaya daga bakin ƙofa da hularsa a hannu, fuskarsa ba yabo ba fallasa, in an gama ya koma rumfarsa.

Ranar da tura ta kai bango, an kawo sabon kaya ne, farare ƙal, tawul da zannuwa masu tambarin otal, kowanne cikin ledarsa. Ana tsakiyar taro Manaja ya miƙa tafin hannunsa.

"Uwar Sito, kawo makulli."

Ta zaci dubawa zai yi. Ta cire igiyar ta kan ɗankwalinta ta ba shi. Ya juya ya danƙa wa Mai Guga, wani dogon mutum marar magana da ke aiki a ɗakin wanki.

"Daga yau in za ki shiga sito, ki nemi wannan. Shi zai buɗe miki, ya tsaya har ki fito."

"Ranka ya daɗe, wani abu ne ya ɓace?"

"Ko allura. Ni na ce wani abu ya ɓace? Sabon kaya ne, kuma ba a ba wa kura ajiyar nama." Ya ɗaga hannu biyu sama yana murmushi. "Ba ke ba fa, Allah ya gani. Mutanenku dai. Kin san jini ba ya ƙarya."

Aka yi dariya, amma 'yar guntuwa, irin wadda ake yi ana kallon ƙasa. Uwar Sito ta ji wuyanta ya yi sakayau. Kunya ce ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, sannan baƙin ciki ya biyo baya, ya zauna mata a ƙirji ya ƙi tashi.

Ka san mutane. Da ana kiranta a ba ta ajiyar waya in za a shiga wanka, yanzu in ta shigo ɗakin canza kaya sai ka ga mace ta jawo jakarta kusa da ƙafa kamar ba da gangan ba. Sau goma a rana sai ta je ɗakin wanki ta tsaya cikin tururi tana jiran Mai Guga ya ajiye dutsen guga. Shi ma abin bai yi masa daɗi ba, yakan tsaya a ƙofar sito yana latsa waya don kada su haɗa ido, amma dai yana tsayawar. Sati biyu tana haka. Mijinta ya ce ta yi haƙuri, wata rana sai labari. Ta ce haƙurin ne ya kawo ta nan.

Akwai wata lauya da ke haya a benen da ke kallon gidansu, babbar mace mai faɗin gaskiya ko a gaban wa. Ranar Asabar da la'asar Uwar Sito ta hau wurinta. Lauya ta zuba mata shayi, ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Ya ce kin saci wani abu?"

"A'a, Yaya."

"Ya kira sunanki ya haɗa da sata a gaban mutane?"

"Cewa ya yi mutanena."

"To ƙanwata, bari in gaya miki, ko da ba za ki ji daɗi ba. Ƙazafi sai an ɗora wa mutum ɗaya sananne abin da bai aikata ba, wasu kuma suka ji. Wanda ya zagi gari guda, da wuya ki kama shi da ɓata suna, don gari ba ya sa takalmi ya je ya kai ƙara. Mutumin naki ya san takunsa. Kina ganin a banza yake cewa ba ke ba?"

"Wato ya ci bulus ke nan."

"Ban ce ba. Akwai wata ƙofar. Ki rubuta wa hedikwatarku cewa yana tsangwamarki a wurin aiki saboda inda kika fito. Nan ba ruwansu da ko ya kira suna. Za su duba ko abin ya daɗe ana yi, za su nemi wanda zai tsaya ya ce ya ji da kunnensa. Amma abin da ya fi komai, sai ya tabbata ba da son ranki ake yi ba. Kin taɓa taya shi?"

"Dariya dai kowa na yi. Wa ya isa ya ƙi?"

"Dariyar dole daban ce, sun san da ita. Ina nufin ke da bakinki."

Uwar Sito ta dubi cikin kofinta. Akwai wata rana, shekara biyu baya, ranar liyafar ma'aikata, wadda ta binne a cikin ranta ta bi ta kai ta tattake. Ta ce wa kanta wa zai tuna da wannan.

"A'a, Yaya," in ji ta.

Suka rubuta takarda tun daren Lahadi bai yi ba, ranar Litinin ta aika. Saura shaida. Nan fa aka yi walƙiya ta ga kowa. Kuku ya ce shi kullum hankalinsa na kan tukunya, ba ya jin abin da ake faɗa. Masu gyaran ɗakuna suka ce suna da yara. Akawu ya ce ai shi a ganinsa raha ce, ita ce ta ɗauka da zafi. Mai Guga ya dai ci gaba da guga, kuma ta lura ya daɗe a kan hannun riga ɗaya har ya kusa ƙona shi. 'Yan tsallake biyu da ke aikin lambu kuwa da suka hango ta sai suka bi ta bayan tanki.

Da azahar da Kawu ya zo karɓar kula, ta tsayar da shi.

"Kawu, kai kaɗai ka rage mini."

Ya jingina da bango don ya hutar da ƙafarsa mai ciwo. "Ni da kin tambaye ni tun farko, da na ce ki bari. Baki ne, yau ya faɗa gobe ya manta. Mun ji wanda ya fi wannan a garin nan, ga mu ba mu mutu ba."

"Ba bakin ba ne, Kawu. Makullina."

Ya daɗe yana kallon wuyanta inda igiyar take zama. "To. In an tambaye ni abin da na ji, zan faɗa. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

"In suka kore ka fa?"

"Su kora. Gadi ne, ba sarauta ba."

Ranar Laraba aka zauna, ƙarfe goma sha ɗaya, a ƙaramin ɗakin taro na hawa na biyu, inda Kawu bai taɓa sa ƙafa ba duk shekarunsa a gidan. Ya zo da kakinsa a goge, maɓallai har wuya, hula a kan gwiwa. Hedikwata ta turo wata mata mai tabarau da babban fayil, ba ta dariya ba ta ɗaure fuska. Manaja na gefe guda ya harɗe ƙafa, turarensa ya cika ɗakin. A jikin bango akwai babbar talabijin da ake nuna wa baƙi abubuwa in suna taro.

Uwar Sito ta faɗi nata. Sannan aka ce Kawu ya yi magana. Kai, ranar Kawu ya burge. Maigadi ba ya rubutu, amma ba ya mantuwa. Ya kawo maganganun ɗaya bayan ɗaya, kowace da ranarta: wannan ranar da injin ruwa ya lalace ne, wancan satin da aka yi fentin gaba ne, na hammata kuwa ranar da motar shara ba ta zo ba. Yana jan ƙarshen kowace kalma da harshensa na tsallake, ko a jikinsa, Matar hedikwata tana rubutu har ta juya shafi uku. Uwar Sito ta saci kallon Manaja ta ga ya daina kaɗa ƙafa. Daɗi ya kama ta, ta ji kamar igiyar ta riga ta dawo wuyanta.

"Baba, kai yaya kake ji in ana faɗin haka?" in ji Matar hedikwata.

"Ni tsoho ne, fatata ta yi kauri. Amma yarinyar nan, shekara goma sha ɗaya ko zare bai bi ta gida ba. Ni na rene ta. Ba ta taɓa ɓoye mini komai ba. In za a ce in rantse a kan mutum ɗaya a gidan nan, a kanta zan rantse."

Manaja ya gyara zama. "Hajiya, ni ba zan yi musu da dattijo ba. Duk abin da ya ce na faɗa, na faɗa. Amma wasa ne na 'yan gida ɗaya, kuma ba ni na fi kowa iyawa ba. In kin yarda, akwai ɗan abin da Mai Guga ya ɗauka da wayarsa ranar liyafarmu ta shekarar waccan. Minti uku ne."

Matar hedikwata ta ce a kunna.

Ga ɗakin cin abincin ma'aikata a talabijin, an jera lemo da biskit, rana tsaka. Ga Uwar Sito a tsakiyar fili da hular maigadi a kanta. Hular Kawu ce. Da safiyar ranar ta karɓe ta a hannunsa, ta ce ta yi datti za ta wanke masa, ya yini a rumfa da kai a buɗe, don maigadi ba ya barin ƙofa ko ana liyafa. Ga ta tana ɗingishi, ƙafar hagu tana ja, daidai yadda yake yi, har da ɗan nishin da yake saki in zai zauna. Ta buɗe baki, sai ga harshen tsallake ya fito, wanda ta yi shekara ashirin tana ɓoyewa, ta ƙara masa gishiri tana jan kalma har sai numfashinta ya ƙare.

"Ni ne Kawu Maigadi," in ji ta a talabijin. "Ku buɗe jaka, 'ya'yana, ku buɗe."

Masu gyaran ɗakuna suka yi layi suna miƙa mata jakunkuna. Tana leƙa kowace, tana zaro sabulu ko cokali tana cusawa a aljihunta, tana waige-waige. "Ni ina binciken naku, nawa aljihun wa zai bincika?" Ɗaki ya ɗauka. Ga Manaja ya riƙe ciki yana share hawaye, yana cewa a ƙara, a ƙara. Ta kuwa ƙara.

Me ya kai ta? Tsoro ne, ba wani abu ba. Lokacin Manaja bai daɗe da zuwa ba, ana raɗe-raɗin zai share 'yan tsallake daga gidan. Ya ce kowane sashe ya kawo abin ban dariya. Ta ga in ta riga kowa yi wa mutanenta dariya, zai san ita ba irinsu ba ce. Ta duba duk tsallake ba ta ga wanda ta iya kwaikwayo kamar mutumin da ta tashi a gabansa ba. Ranar ta ci kyautar fanka, ta kai gida ta ce wa mijinta ƙuri'a aka yi. Da yamma ta mayar wa Kawu hularsa a wanke da gaske, ya sa mata albarka.

Hoton ya ƙare, talabijin ta yi shuɗi. Uwar Sito ba ta iya juyawa ta dubi Kawu ba, hannuwansa kawai take gani ta gefen ido. Ya ɗaga hular daga kan gwiwarsa, ya juya ta ya dubi cikinta, ya mayar ya ajiye.

Matar hedikwata ta cire tabarau ta goge. Ba da mugunta ta yi magana ba, kuma wannan ya fi ciwo.

"Zan rubuta abin da na gani. Maganar ɓata suna ba ta taso ba, don Manaja bai kira sunan kowa ba. Maganar tsangwama kuwa, Malama, kin rubuta da hannunki cewa ba ki taɓa shiga wasan nan ba. Da kin faɗa mini tun farko, da na san yadda zan auna shi, don na san abin da tsoro ke sa mutum. Yanzu ban san wace maganar taki zan ɗauka ba. Manaja, za ka samu takardar jan kunne, ka daina irin wannan raha a taro." Ta mayar da tabaran ta juya wurin Kawu. "Baba, dole in gaya maka. A duk abin da ke gabana, wuri ɗaya ne aka kira sunan mutum aka ɗora masa sata a gaban jama'a, kuma kai ne mutumin. In kana son shigar da ƙorafi, haƙƙinka ne."

"Ba ni da ƙorafi," in ji Kawu. "Ai an ce wasa ne."

Ya nemi izini ya miƙe, ya ce ya bar ƙofa ba kowa. Sai da ya dafa tebur kafin ƙafar ta ɗauke shi, ya saki ɗan nishin nan, kuma duk wanda ke ɗakin ya ji shi ya gane shi.

Kafin Kawu ya kai ƙofa, Manaja ya sa hannu a aljihu. Mugun ya zo da shirinsa tun daga gida. Ya zaro makullin da baƙar igiyarsa, ya turo shi a kan tebur har ya tsaya gaban Uwar Sito.

"Hajiya, ki shaida, ni ba na riƙo. Ga makullinta. Mu nan gida ɗaya muke." Ya sunkuyo ya rage murya, amma ba yadda Kawu ba zai ji ba. "Saura wata biyu liyafa. Bana ma muna jiran Kawu Maigadi."

Da za a ce ta tura masa abinsa ta tashi, da labarin ya yi daɗin faɗa. Ba ta tura ba. Shekara goma sha ɗaya ce a kwance a gabanta, ga yara uku a gida, ga Matar hedikwata tana jiran ta ga an rabu lafiya ta rufe fayil. Uwar Sito ta sa hannu ta ɗauka. Da ta ɗago kai, Kawu na tsaye a bakin ƙofa yana kallonta, sannan ya fita ya ja ƙofar a hankali.

Ba ta iya rataya shi a wuya ba, cikin jaka ta jefa shi. Ta koma sito ta zauna a kan kwalin sabulu. Azahar ta yi, ta wuce, ba ta ji ɗingishinsa a baranda ba. Sau biyu tana ɗaukar kular ta nufi rumfa, sau biyu tana dawowa daga kwanar ɗakin wanki. Ta shirya maganar da za ta faɗa masa ta fi kala goma. Za ta ce tsoro ne. Za ta ce don su biyun ta yi, don kada a kore su. Kowace ta gwada a bakinta sai ta ji ba ta da gishiri. Ta tsani Manaja, ta tsani Mai Guga da wayarsa, amma ba kamar yadda ta tsani matar nan mai hula ta cikin talabijin ba. A ƙarshe ta ce bari a tashi, in ya bubbuga jakar ya ce wuce, sai ta tsaya gefe ta jira kowa ya watse, ta durƙusa masa.

Ƙarfe biyar aka yi layi a ƙofar baya. Labari ya riga ya zaga gidan, don haka layin ya yi tsit, ba hirar da aka saba. Kuku ya buɗe ya wuce. Masu gyaran ɗakuna biyu suka wuce. Ta ɗora jakarta a kan teburin ƙarfen.

"Kawu," in ji ta a hankali.

"Malama, buɗe jaka."

Babu wanda ya sa shi. Manaja yana can sama, bai ma san ana yi ba. Ta tsaya tana kallonsa, shi kuma yana kallon jakar. Na bayanta suka fara sunkuyar da kai. Ta kama zif ɗin, ya cije, sai da ta ja sau uku.

Bai leƙa kawai ba yadda yake yi wa kowa. Ya fito da kayan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan tebur. Ɗankwalin canji, ya warware shi ya kakkaɓe. Maganin ciwon kai. Cajar waya. Katin asibitin autarta. Makullin sito, ya ɗaga shi ta igiya ya duba, ya ajiye a gefe. Ya sa hannu ya shafa ƙasan jakar da kowane lungu na aljihunta, a natse, kamar mai aikin da aka biya shi ya yi da kyau. Daga ƙarshe ya fito da kular. Ya buɗe murfin, tururi ya ɗan tashi, abincinsa ne ko cokali ba a sa ba. Ya duba ciki, ya rufe, ya murɗa murfin sosai.

Sannan ya mayar da komai yadda ya same shi, kular a ƙasa, makullin a sama, ya zuge zif ɗin da kansa ya turo mata jakar.

"Babu komai," ya ce, da ƙarfi yadda duk layin zai ji. "Ku shaida, ba ta ɗauki komai ba."

Ta rungumi jakar, ta ji ɗumin kular a cikinta. Ta matsa gefe ta tsaya jikin bango kusa da shara, tana jiran ya waiwayo. Akawu ya matso ya ɗora tasa jakar a kan tebur.

"Na gaba," in ji Kawu.